Ranar da Motar Baba Ta Tashi

Ƙwal! Ƙarar da na ji ke nan a cikin bahon wanki, wata safiya a farkon daminar bara. Ina zazzage aljihun rigar maigidana kafin in tsoma ta a ruwa, sai wani ɗan baƙin abu ya faɗo, bai kai akwatin ashana girma ba, da 'yan ƙafafu na ƙarfe a ƙarƙashinsa. Na ɗauka na goge shi da bakin zanena. Da maigidan ya shigo na nuna masa. Ya dubi abin, ya dubi ƙofa, ya ce, "Na injin ban-ruwa ne. Ajiye min inda yara ba za su gani ba." Na buɗe kabad na jefa shi cikin wata langa da ba na taɓawa sai da salla, na rufe, na koma kan wankina.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, mahaifin maigidana, ya rasu a bazarar nan, ana idar da sallar asuba. Kafin azahar an rufe shi. Mutane sun zo daga Daura, daga Zango, har daga ƙauyukan bakin iyaka. Tsakar gidanmu ta cika da mata har ba inda za ka ajiye buta. Amma duk wadda ta shigo, da ta gama "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa," sai ta gyara zama ta ɗauko zance ɗaya.

"Kun ji motar kuwa?"

"Mun ji."

"Wajen shekara yana fama da ita ta ƙi. Ana dawowa daga rufe shi, murzawa ɗaya, ta ɗauka! Ni fa sai da tsigar jikina ta tashi."

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ishara ce, Allah ne ya nuna wa mutane matsayin bawansa. Matar liman ta ce a bar irin wannan magana, a yi masa addu'a kawai. Wata kuma da ba ta iya riƙe bakinta ko a gidan mutuwa ta ce, "Wataƙila dai tsufa ne ya sa yake ta jagwalgwala ta. Da yaran suka sa hannu, ba ga shi ba?" A waje kuwa, an ce aminin Baba, wani tsohon dillalin shanu, da ya ji ƙarar injin sai ya rufe fuskarsa da hula ya yi ta kuka a gaban mutane.

Ni ina gefen ƙofar ɗakina ina amsa amin, bakina ɗaci kamar na tauna maɗaci. Na san abin da ya tayar da motar nan, domin daga cikin langata aka ɗauko shi.

Na gaya wa maigidana zan rubuta wannan. Bai ce in rubuta ba, bai ce kar in rubuta ba. Ba zan kira sunan kowa ba. Amma ba na so 'ya'yana su tashi da labarin wani tsoho da ya rikice ya ƙare kwanansa a ƙarƙashin mataccen ƙarfe. Ba haka Baba yake ba, kuma ni na gani da idona.

Motar akori-kura ce fara, tsohuwa, bodinta duk ya sha walda. Baba manomi ne, gero da gyaɗa, amma garinmu da motar nan ya san shi. Da ita yake kai hatsi Zango, da ita yake kai dabbobin mutane kasuwa. Makullinta yana ɗaure da wata 'yar igiyar fata a aljihun gaba, tare da asuwakinsa. Kullum da safe sai ya ɗaga bonet ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, ya rufe, ya ɗan bubbuga ta da tafin hannu kamar mai lallashin goɗiya, sannan ya yi bisimilla. Ba ya wuce mace da kaya a ka. Ko motar ta cika sai ya tsaya ya ce wa maza, "Ku matsa, ai ba a kanku aka ƙera ta ba." A ɗan akwatin gaba kuma ba a rasa dabino, na jikoki ne, babba bai isa ya taɓa ba.

Ni suruka ce, tsakanina da shi akwai kunya. Ban taɓa kallon idonsa ba. In na kai masa kunu, sai in durƙusa in ajiye in ja da baya. Shi ma ba ya yi min magana kai tsaye, sai ta bakin autata, wadda yake kira Amarya. Ina durƙushe a gabansa zai ce, "Amarya, gaya wa uwarki kunun nan ya yi, amma tsamiyar ta so ta yi yawa." Ita kuma ta juyo ta maimaita min da ƙarfi, kamar ina Kano.

Haihuwata ta fari da damina ta zo, ta zo kuma da gardama. Maigidana ya tafi kasuwar dabbobi, ruwa ya cika ƙoramar da ke tsakaninmu da kwalta. Baba ne ya ɗauke ni, ina kwance a baya a kan cinyar ungozoma. Da muka isa bakin ruwan ya tsaya ya fito, ya naɗe wandonsa, dattijo da furfurarsa, ya shiga yana taka ƙasan da ƙafa har ya ƙetare ya dawo, sannan ya ratsa da mu ta inda ya taka. A asibitin Daura bai shiga ba. Yana cikin mota aka zo aka gaya masa an sauka lafiya. Da muka dawo gida bai ce min komai ba. Bango ya kalla ya ce, "An gode Allah."

Ƙanwa ɗaya ta rage wa Baba a duniya, Gwaggo. Tana aure a wani ƙauye gaba da garin Babban Mutum, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Dangin mijinta ba su bar ta ta manta da haka ba. Shekarun baya, a wajen wani suna, ƙanin mijin ya ce a gaban Baba wai macen da ba ta da ɗa, ba ta kuma da dangin da za su waiwaye ta, ai alfarma ake yi mata da ake ba ta ɗaki. Baba ya cire hannu daga kwanon tuwo ya wanke. Tun daga ranar bai ƙara shan ko ruwan gidan ba. In ya kai mata hatsi da kaka, a ƙofar gida yake tsayawa, ya danna hon, ta fito.

Da mijin Gwaggo ya rasu a bazarar bara, Baba ya je gaisuwa. Da zai taho, ya miƙe a gaban dangin mijin duka ya ce, "Ranar da ta fita takaba, ni zan zo da kaina. Da gadonta, da tukwanenta, da awakinta. A gidan gaba na motata za ta zauna, da rana tsaka, kowa yana kallo." Wannan alkawarin shi ne duk abin da Baba ya rayu a kansa daga ranar har ya koma ga Allah.

Gaskiya kuma ba zan ɓoye ta ba. A hanyar dawowa daga wannan gaisuwar, rana ta yi ƙasa, maigidana yana gefensa. Ga amalanken shanu cike da yara a bakin hanya, Baba bai gan shi ba. Sai da maigidana ya cafki sitiyarin ya karkatar, suka faɗa gonar wani. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Yanar ido ce ta soma rufe wa Baba gani, shi kuma ya ƙi yarda. Maigidana ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Sai aka kira wansa, wanda yake aiki a Katsina. Suka sami Baba a zaure suka tsugunna. Ina bayan ƙyaure da kwanon abinci, na ji komai.

"Baba, da ka huta haka nan. Duk inda kake so, mu sai mu kai ka."

"Wa ya koya maka riƙe sitiyari?"

"Kai ne, Baba."

"A kan cinyar wa?"

"Taka."

"To ka ji. Duk wanda ya hau kujerar tuƙin motar nan ina numfashi, ban yafe ba."

A gidanmu, in uba ya ce bai yafe ba, magana ta ƙare. Babu wanda ya iya buɗe baki ya ce, Baba, ba ka gani. Suka fito kansu a ƙasa. Ga amininsa nan da yake iya gaya masa kowace magana, ga liman, ba su je wajen ko ɗaya ba. Bayan 'yan kwanaki na ji ƙwal a bahon wanki, kuma a safiyar nan motar Baba ta ƙi tashi. Ban haɗa biyun ba. Me zai sa in haɗa?

Injin yana juyawa, gir-gir-gir, kamar mai son yin tari, amma ba ya kamawa. Ranar farko dariya Baba ya yi. Ya ce, "Fushi ta yi. Mota ba ta ƙin tashi haka kawai. Akwai abin da take so, ni ne ban gano ba tukuna." Wannan maganar ya yi ta ba adadi, har yara suka riƙe ta.

Ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida ya jera sifanoninsa. Ya ciro fulogi ya wanke su da fetur, ya kankare, ya mayar. Batir ya mutu saboda yawan murzawa, ya ɗora shi a baro ya tura da kansa zuwa wajen caji. Ya juye tanki ya tace man. Ya kwance 'yan bututun nan yana hurawa da baki har leɓensa ya tsattsage. Da yake idon ba ya taimakonsa, da yatsu yake gani. Sai ya lumshe ido ya bi abu yana shafawa, ya ce wannan lafiyarsa lau, ya wuce na gaba. Kuma tun damina ba ta yi nisa ba ya gano. Na kai kunu, na same shi fuskarsa duk baƙin mai, yana murna.

"Amarya, gaya wa uwarki na kama ɓarawon. Mai ne ba ya isowa inji."

Daidai ne. Yanzu na san daidai ne. Wannan ɗan baƙin abin shi ne yake kai wa famfon mai wuta, in babu shi famfon ba ya motsi. Baba ya zaci famfon ne ya mutu. Ya sayar da ragon da yake kiwo don layya, ya sa aka kawo masa sabo daga Kano, ya kwanta a ƙasa mai danshi ya ɗaura. Sabon ma shiru, kamar tsohon. Sai ya ce to, lalle a waya ne. Wayoyin mota kuwa su kaɗai ne Baba bai taɓa sani sosai ba. Sirara ne, launi-launi, cunkushe a ƙarƙashin sitiyari, ga shi idonsa ba ya rabe ja da kore. Ya aika aka kira mai wayarin ɗin garinmu. Mutumin ya kwanta ya cusa kai, ya ɗan jima, ya fito yana kakkaɓe riga.

"Baba, wannan ta gaji. Sai haƙuri."

Bai kalli Baba ba. Ruwan da na aika masa ma bai sha ba. A lokacin na ɗauka sauri yake yi. Ashe shi ne ya nuna wa maigidana da wansa abin da za a zare.

Ranar da aka gwada turi kuwa gari ya sha kallo. Samarin unguwa suka tura ta har gangaren bakin kasuwa, Baba yana ciki yana sakin kuloci, motar tana zabura tana komawa shiru. Suka sake turo ta gida suna haki.

"Baba, a kira 'yan gwangwan su auna ta mana!"

Amininsa yana zaune a kan dakali yana dariya har da riƙe ciki. "Kai da ita wa ya fi wani tsufa? Ku tafi asibitin Daura tare, a kwantar da ku gado ɗaya."

Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Tawa dai tana da ƙafa huɗu. Kai biyun ma sai da sanda."

Kowa ya yi dariya. Maigidana yana cikin masu turin. Na hango shi ta kafar zaure, gumi yana zuba, yana turawa da iya ƙarfinsa. Duk abin da na gani a shekarar nan, wannan ne ya fi yi min ciwo in na tuna.

Ana haka Baba yana gina wa Gwaggo ɗaki kusa da nasa. Ni na yi daɓen. Ya sayo sabuwar tabarma da buta, ya kafa mata turken awaki a inuwar darbejiya. Takaba ta ƙare gab da girbi. Gwaggo ba ta da waya, sai ta maƙwabta, Baba kuma in zai yi waya bango yake komawa ya ɗaga murya, kamar muryar ce za ta yi tafiyar da ƙafarta.

"Jibi in sha Allahu! Saura ƙiris! Ki ɗaure kayanki!"

Ta ɗaure. Wan maigidana ya ce a ɗauki shatar mota a kwaso ta a huta. Baba ya ce, "Ƙanwata ba buhun gyaɗa ba ce da za a aika mata motar haya." Aka aika wa Gwaggo ko za ta biyo motar kasuwa, ta ce Yaya ya ce zai zo. Su biyun kai ɗaya gare su. Dangin mijin kuwa suna son ɗakinta, za su yi wa ɗansu aure, sai suka mayar da ita wani ɗan ɗaki a bayan gida, jikin garken awaki. A nan ta ci sanyi, a nan zafi ya same ta, tana kwana kusa da ƙullin kayanta ba ta kwance ba. Matan gidan in sun wuce su ce, "Gwaggo, yau ma ba mu ji hon ba."

A hankali Baba ya daina cewa jibi. Ya daina mayar wa amininsa da baƙar magana. Yana fitowa dai kullum ya shimfiɗa buhun, ya kwance abin da ya ɗaura jiya ya sake ɗaurawa. Wata rana da hantsi na kai kunu, autata ta tafi islamiyya, babu mai isar da saƙo. Na ajiye zan ja da baya, sai na ji muryarsa. Shi ne karo na farko, shi ne kuma na ƙarshe, da ya yi min magana kai tsaye. Tafin hannuwansa yake kallo.

"'Yar nan, hannun mutum yana riga shi mutuwa ne?"

Ya juya hannuwan, ya ci gaba.

"Da, in na ɗora hannu a kanta sai ta gaya min inda ke mata ciwo. Yanzu na taɓa ko'ina, ko'ina lafiya. To ni ne ke nan."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a, Baba." Na shiga ɗaki na share hawaye a gaban kabad ɗina, abin yana ciki, tsakanina da shi bai fi in miƙa hannu ba.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, ya kira 'ya'yansa biyu zaure. Muryarsa ta yi laushi.

"Maganar da na yi muku bara, na janye. Na yafe. In Allah ya sa ta tashi, ɗayanku ya tuƙa. Ni in zauna gefe, Gwaggonku a tsakiya. Ni dai a ga na je."

Suka ce, "To, Baba."

Abin da suke nema tun farko ke nan, ya miƙa musu da hannunsa. Abin da ya rage a zo ɗakina a buɗe langa. Babu wanda ya zo. Wan maigidana ya koma Katsina. Sati ya zagayo, wani ya bi bayansa. Baba ya kai batir caji ya ɗaura, ya sa aka ba tayoyin iska, ya zuba sabon mai, ya wanke ta har ƙarƙashi, wai ko da za ta tashi kar a je gidan mutane da datti. Washegari ya kwanta da zazzaɓi da ciwon ƙirji. Bai daɗe ba. Abin da ya faɗa na ƙarshe da aka gane, bayan kalmar shahada da yake ta maimaitawa, shi ne, "Tana jira."

Da aka dawo daga maƙabarta, maza suka zazzauna a tabarmi a ƙofar gida, sai aka tuna ba a ɗauko Gwaggo ba. Maigidana ya shigo ɗakina, idonsa jajir, ƙasar kabari a ƙafarsa.

"Ina abin nan da na ba ki ajiya bara?"

"Wane abu?"

"Na injin ban-ruwa."

Na dube shi. Ranar da aka rufe ubanka, injin ban-ruwa? Amma na buɗe kabad na ɗauko langar. Ya karɓa ya dunƙule a hannu ya fita, autata ta bi shi tana riƙe da gefen rigarsa. Ban ko mayar da murfin ba na ji gir, sai ƙara ta cika unguwa. Inji lafiyayye, sumul, ba tari ba gargada, don duk abin da ke jikinsa hannun Baba ya bi ta kai ya gyara. Waje ya ɗauki salati. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa, murfin langa a hannuna.

Sauran daga bakin Gwaggo na ji, da yamma, tana zaune a kan sabuwar tabarmar da ya saya mata. Ba a gaya mata ta waya ba, an ce a bari sai an je. Ta ce tana tankaɗe ta ji ƙarar injin tun daga bakin gari, ta san ta kamar muryar Yayanta. Ta watsar da rariya ta fito ba takalmi, tana guɗa, tana kiran matan gidan ɗaya bayan ɗaya. "Ku fito! Ku fito ku gani! Ba na gaya muku ba?" Suka fito. Motar ta tsaya a ƙofar gida, ba a danna hon ba. Ƙofa ta buɗe, maigidana, ɗan wanta, ya fito shi kaɗai, ya tsugunna a gabanta.

An ɗora gadon, da tukwanen, da awakin. A gidan gaba ta zauna, da rana, kowa yana kallo. Da suka iso ta sauko, sai ta dafa bonet ɗin da ɗuminsa ta daɗe a tsaye.

"Ashe ya gyara ta," in ji ta. "Na san zai gyara."

Har yau haka ta sani. Ba ni da zuciyar gaya mata.

Bayan baƙi sun ragu na tambayi maigidana. Ban ɗaga murya ba, ba haka aka tarbiyyantar da ni ba. Na ce na ji, kun ji tsoron bakinsa, kun kuma ji tsoron ya taka ɗan wani. Amma ranar da ya ce ya yafe fa?

Ya ce, "Da mun mayar a satin, da ya gane mu ne. Yaya ya ce a ɗan ja lokaci, sai mu ce mai wayarin ne ya sake dubawa."

"Kuka ja."

"Ke ba ki ga yaran nan a kan amalanke ba. Ni na gani."

Ban musa masa ba. Na yarda Baba bai kamata ya ƙara tuƙi ba. Na yarda suna son ubansu, na ga kukan da suka yi. Amma kunyar da ta hana su duban idonsa su gaya masa gaskiya, ba ta hana su wuce shi kullum da safe yana kwance a kan buhu ba, su durƙusa su ce, "Baba, an tashi lafiya? Ya aikin?" Wannan ladabi ne a wajensu. Dattijo ya tafi kabari yana ganin hannunsa ne ya ci amanarsa, yana ganin ya zama maƙaryaci a gaban mutanen da suka wulaƙanta ƙanwarsa. Kuma a cikin kwanukan aurena suka ɓoye abin, a ɗakin wadda take dama masa kunu. Ina roƙon Allah ya cire min wannan ɗacin, don na san riƙo ba kyau. Har yanzu bai fita ba.

Allah ya jiƙan Baba. Yadda ya shiga ruwa ya taka mana hanya, Allah ya sauƙaƙa masa tasa hanyar. Allah ya yalwata kabarinsa, ya haskaka masa idon da ya dushe, ya yafe masa, ya yafe wa 'ya'yansa, ya yafe mana baki ɗaya. Wanda duk ya taɓa hawa bayan motar nan, ko aka taɓa sauke masa kaya daga ka, ya sa shi a addu'a.

Motar tana nan a ƙofar gida. Gwaggo ce take share ƙarƙashinta kowace safiya. Langar kuwa na kasa ci gaba da ganinta, sai na fito da ita zan wanke in bayar. Ina cikin wankewa autata ta zo ta tsugunna kusa da ni. Tun rasuwar ba ta cika magana ba, ba mai kiranta Amarya, ba mai aikenta da saƙo. Dabino ne a hannunta, na cikin akwatin motar, ta ƙi ci. Ta kalli langar, sannan ta ɗago ta kalle ni.

"Umma, na ga inda Abba ya sa abin nan. Ashe gyaran Kaka a kwanonki yake. Me ya sa ba ki ba shi ba?"